Ƙafar Mai Tifa

Goggona likita ce, amma ba mai yanka ba. Ita ce mai sa mutum barci kafin a yi masa aiki, ita ce kuma mai kashe masa gurin da aka yanka don kada zafi ya haukata shi in ya farka. Ma'aikatan asibitinsu Hannun Sanyi suke ce mata, don sai ta soka maka allura ta zare kana nan kana tambayar yaushe za a fara. Mace ce mara tsoro, ba ta kuma son zancen ƙanzon kurege. Muna yara, in muka fara hirar aljanu a gabanta, cewa take yi, "Ni aljanin da ya dame ni hawan jini ne." Shi ya sa ranar da ta ba ni wannan labari da bakinta ban yi mata musu ba.

Wata rana da yamma maganin da take zuƙa a sirinji ya ƙare a ɗakin tiyata. Ga shi tana da majinyaci yana jira, wani direban tifa da aka yi wa aiki a ƙafa da rana. Allurar gadon baya da aka yi masa don aikin ta kusa sakinsa. Ba ta tsaya neman ɗan aike ba. Ta karɓi makullin sito ta fita da kanta.

Siton yana wani tsohon gini a bayan asibitin. Tsakaninsa da katanga akwai hanya mara kwalta, wadda tifofi ke bi suna kwaso yashi daga rafi. Da rana ko maganar na kusa da kai ba ka ji saboda rugugi. Yanzu kuwa rana ta faɗi, duhu bai gama shigowa ba, hanyar ta yi tsit. Ba ta jin komai sai takalminta a kan tsakuwa da makullai suna kacau-kacau a aljihun farar rigarta.

Ta ɗauko maganin, ta kulle sito, ta juyo. Nan ta ji wani wari ya daki hancinta, warin jiƙaƙƙen yashi irin na ƙasan rijiya. An daɗe kuwa rabon da a ga ruwan sama.

A bakin kwalbatin da ke tsakiyar hanyar wata mata na zaune. Ɗazu da ta wuce babu kowa a gurin. Doguwa ce ko a zaunen, ta lulluɓe da baƙin mayafi har goshi. A cinyarta akwai yarinya, an rufe ta da gefen mayafin, ƙafa ɗaya kawai ta leƙo. Goggo na ganin ƙafar ta tsaya. Tafin ba ya kallon inda ya kamata ya kalla.

Ta ce, "Subhanallahi! Sannu baiwar Allah. Me ya samu yarinyar?"

Matar ba ta ɗago ba. Muryarta a hankali take, kamar mai magana a cikin tulu.

"Ke ce mai kashe ƙafa?"

"Ni ce. Taso mu shiga da ita ciki, wannan ai karaya ce. Kawo in taya ki ɗauka."

"Bar ta, ta yi barci. In kin kashe wa mutum ƙafa, barci yake yi?"

Goggo ta ɗauka tsoron uwa ne, sai ta sassauta murya. "A'a, idonsa biyu. Ƙafar ce kawai take barci."

"Yana ganinta?"

"Yana gani."

"Amma ba ya ji."

"Ko wuta aka ɗora masa ba zai ji ba. Shi ya sa muke sa ido a kanta."

"Har yaushe?"

"Har gobe da hantsi. Wani ma ya wuce haka."

"Sai kuma me?"

"Sai ta farka. Abin da ke cikinta na ciwo ya dawo, amma kafin nan mun ba da wani maganin. Kar ki damu, ba za mu bar 'yarki ta wahala ba."

Ta sunkuya za ta taɓa ƙafar. Matar ta ja mayafi ta rufe.

"Je ki, ana jiranki. Muna nan tafe."

A ƙofar baya Goggo ta ce wa maigadi ga wata mata nan da yarinya mai karaya, in ta iso ya nuna mata ɗakin gaggawa. Maigadi ya leƙa, ya haska tocila har bakin kwalbatin. Ya ce, "Likita, ni ban ga kowa ba. Ko ta zagaya ta gaba?" Goggo ta ce wataƙila, ta wuce.

Mai Tifa, haka kowa ke kiransa har matarsa in ranta ya ɓaci, yana kwance a ɗakin gefe, can ƙarshen baranda. Ƙato ne, murya kamar hon ɗin motarsa. Da safiyar ranar murfin bayan tifarsa ya ɓalle haka kawai ya faɗo masa a ƙafar dama, ya farfasa ƙasusuwan tafin. Likitan ƙashi ya sha aiki kafin ya harhaɗa su da ƙarfe da ƙusoshi. Yanzu ƙafar na kan matashi, an naɗe ta da bandeji har ƙwauri, yatsu kawai a waje. Gumi ya fara tsattsafo masa. Matarsa na zaune a kujerar roba, ta zuba tagumi.

Ya ce, "Likita, sai yanzu? Ƙafar nan fa ta fara gaishe ni."

"To kafin ta kai ga tambayar mutanen gida, bari mu yi magana." Goggo ta jawo kujera. "Hanyoyin da yawa. Akwai ƙwayoyi masu ƙarfi da allurar jijiya, amma an ce kana da gyambon ciki, kuma masu ƙarfin suna sa amai da jiri."

"Cire wannan. Ni da amai ba ma shiri."

"Akwai wadda ake yi zagaye da idon sawu, sai dai naka ya kumbura, ga bandeji. Akwai wadda nake yi a bayan gwiwa. A nan babbar jijiyar da ke kai ji zuwa tafin ƙafa take wucewa. In na zuba mata magani a gefe, daga ƙwauri zuwa yatsu sai su yi barci. In kuma kana so, in bar siririn tiyo a gurin, maganin ya riƙa ɗiga na kwanaki."

"Tiyo a jikina? Ni tankin mai ne? A'a. Soka sau ɗaya, ki kashe min ita murus. Kar in ji ko ƙuda."

"Da sharaɗi. Ba za ka taka ta ba, kuma za ka sha ƙwayar da zan rubuta tun kafin allurar ta sake ka. In ka jira sai ta saki, za ka gane kurenka."

Sai a nan matarsa ta yi magana, ba ta kalli kowa ba.

"Baban yara, ka gaya mata abin jiya."

"Wane abu?" Ya harare ta. "Likita, rabu da ita. Ɗan akuya na taka a hanyar bayan nan jiya da magariba, shi ne take ta yi min mita."

"Ɗan akuya ba ya sa mutum ya wanke taya da hannunsa, ya ƙi cin abinci. Na ce ka koma ka duba, ka ƙi."

"Ke matata ce ko 'yar sanda?"

Matarsa ta kawar da kai. Goggo ta tuno matar bakin kwalbati, amma aiki na gabanta. Ta kira Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke kan aiki, suka juya shi ya kwanta a gefe. Sista ta maƙala masa na'urar bugun zuciya a yatsa, ta fara ƙit, ƙit, ƙit. Goggo ta sa safar hannu, ta wanke bayan gwiwar, ta ɗora kan na'urar hoto mai nuna cikin jiki a fatar.

Jijiyar ta fito a allon, fara, da ɗigo-ɗigo kamar saƙar zuma. Goggo ta san ta kamar yunwar cikinta. Ta tura allurar a hankali tana kallon bakinta na matsowa. Ta ce wa Sista ta ja sirinjin baya, babu jini, ta ce ta zuba. Maganin ya fara kewaye jijiyar, baƙi a cikin hoton.

Daga ƙasan allon wani abu ya motsa.

Wasu sirara ne kamar yatsu, jere da juna. Suka lanƙwaso suka riƙe jijiyar, kamar yadda yaro ke riƙe ɗan yatsan uwarsa.

Goggo ta ƙifta ido. Babu komai sai jijiya da magani.

"Sista, kin ga wani abu?"

"Ina?"

"Babu komai. Ƙarasa."

Ta zare allurar, ta ƙara wata 'yar ƙarama ta cikin ƙafar don gefen idon sawu, suka mayar da shi rigingine. Ba a jima ba fuskar Mai Tifa ta saki. Goggo ta ɗora masa ƙanƙara a babban yatsa.

"Me ka ji?"

"Me kika yi?"

Ta matse farcen da ƙarfi. Ya yi dariya har gadon na girgiza. "Wallahi kamar ƙafar maƙwabcina. Likita, Allah ya yi miki albarka. Ke kuma tashi ki samo min ruwan zafi, yau shayi zan sha in yi hira."

Matarsa ta ɗauki filas ta fita. Sista ta tura na'urar hoto ta tafi duba sauran majinyata. Goggo ta je ta yi sallar magariba da ta kusa kuɓuce mata, ta biya ɗakin gaggawa ta tambaya ko an kawo yarinya mai karaya. Aka ce ba a kawo ba. Sai ta koma don ta ƙara duba ƙafar kafin ta tafi gida.

Tun daga tsakiyar baranda ta ji warin. Jiƙaƙƙen yashi.

A ƙasa, kan tayil ɗin da aka goge ɗazu, akwai sawu. Dogaye, babu takalmi, kowanne da yashi a gefensa. Sun nufi ɗakin gefe. Babu na dawowa.

Ta tura ƙofar.

Fankar ɗakin ta tsaya. Fitilar ta yi ja kamar mai shirin mutuwa. Na'urar tana ta ƙit-ƙit-ƙit da sauri.

Matar kwalbatin na tsaye a ƙarshen gadon. Kanta ya kusa taɓa silin. Yarinyar na zaune a kan katifa, kusa da ƙafar Mai Tifa, ta ba ƙofa baya. 'Yar ƙarama ce, da kitso biyu, yashi a cikin gashinta.

Mai Tifa idonsa biyu. Bakinsa a buɗe, jijiyoyin wuyansa sun tashi, amma babu abin da ke fita sai iska.

Ƙofar ta rufu a bayan Goggo. Ba ita ta rufe ba.

Matar ta ce, "Shigo, mai allura. Kin yi aiki mai kyau."

Goggo ta ce, "Baiwar Allah, me kike yi a nan?"

"Jiya ya taka min ita. Wasa take yi a bakin gidanmu. Hanya hanya ce, tsautsayi kuma ba ya wuce ranarsa, da ya tsaya a nan da na bar shi da Allah." Muryar ba ta tashi ba, raɗa ce. "Ya tsayar da mota. Ya sauko. Ta ɗago ta ce masa, Baba, ƙafata. Ya dube ta. Ya dubi gabas, ya dubi yamma. Ba kowa. Sai ya sa ƙafa ya tura ta cikin kwalbati."

Ta ɗora doguwar hannunta a kan bandejin.

"Da wannan."

Mai Tifa na girgiza kai, hawaye na bin kunnuwansa.

Matar ta ci gaba, "Ban dawo da wuri ba. Ta daɗe tana kira."

Yatsun matar suka nutse cikin bandejin kamar cikin kunu. Zaren bai yage ba. Jini bai fito ba. Ta laluba, ta murɗa, ta zaro wani abu mai ƙyalli, ta sake shi a ƙaramar tasar ƙarfen da ke kan tebur.

Ƙwal.

Ƙusa ce. Irin wadda likitan ƙashi ya ɗaura da rana.

Ta sake nutsa hannu.

Ƙwal.

"Ka ji?" ta tambaye shi.

Ya girgiza kai.

"Madalla. Ba yau ba."

Ta kama babban yatsan. Ta lanƙwasa shi baya, a hankali, har ya kwanta a kan bandejin. Ya yi ƙaras, kamar busasshen kara.

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya.

Goggo ta ce ita kanta ba ta san inda ta samo ƙarfin ba. Abin da ta sani, ita ta kashe ƙafar nan, ita ta ce masa za ta tsare ta. Ta taka, ta kama wuyan hannun matar.

"Ya isa. Majinyacina ne. Ko me ya yi, a hannuna yake. A kai shi gaban hukuma, ni zan ba da shaida."

Sanyin hannun ya wuce na ƙanƙara. Ya shige ta ta yatsu.

Matar ta juyo. Mayafin ya zame. Goggo ba ta taɓa gaya min abin da ta gani ba. Cewa kawai ta yi fuska ce da ta yi kuka har idon ya ƙare.

"Hukumarku ta san 'yata?"

"Saki ƙafar."

"Ke kika ce in kawo ta ki taya ni ɗauka. Tun jiya mutane ke wuce mu, ke kaɗai kika tsaya. Don haka nake ce miki, sakar min hannu."

Goggo ba ta saki ba. Ko ta so ma ba za ta iya ba, yatsunta sun mutu a gurin.

Sai ta ji an kama idon sawunta.

Ta duba ƙasa. Yarinyar ba ta kan gado. Tana durƙushe a tayil, tana jan karyayyiyar ƙafarta, ta riƙe Goggo da hannu biyu.

Mutuwar jiki ta fara hawa.

Goggo ta san wannan hawan, ta sha ganinsa a jikin mutane. Tafin ƙafa ya tafi. Ƙwauri. Gwiwa ta saki, ta zube ƙasa. Cinya. Ƙugu. Ta san in ya kai ƙirji numfashi zai tsaya.

Ya kai cibiya.

A sama da ita, ƙaras. Ƙaras.

Ta buɗe baki za ta yi addu'a. Harshe ya yi nauyi. Ta ja ta a zuci, tana jan jiki da gwiwar hannu ɗaya, ta nufi ƙofa.

Ya kai haƙarƙari.

Iska ta ƙi shiga.

Fuskar yarinyar ta matso dab da tata. Numfashinta warin rijiya.

"Inna, wannan ma?"

Matar ta dubi Goggo.

Ƙit. Ƙit. Ƙit.

"Sake ta," in ji matar. "Amma ki ji, mai allura. Gobe da hantsi ƙafar nan za ta farka. Abin da na zuba a ciki nasa ne, shi kaɗai. Hannun da ya ƙara kashe masa ita, ya kashe kansa."

Aka murɗa ƙofa daga waje.

Matar Mai Tifa ce, da filas a hannu. Hasken baranda ya faɗo cikin ɗakin. Fanka ta ci gaba da juyawa. Filas ɗin ya suɓuce ya fashe, ta ƙwalla ƙara tana kiran Sista.

A ƙasa suka sami Goggo, tana jan numfashi kamar wadda aka tsamo daga ruwa. Babu kowa a ɗakin sai ita da mai gadon. Bandejin na nan fari tas, ƙullinsa bai motsa ba. Amma yatsun da suka leƙo kowanne ya kalli nasa gurin, tasar ƙarfen kuma cike take da ƙusoshi, da ɗan yashi a ƙasansu.

Likitan ƙashi ya zo da gudu. Aka ɗauki hoto. Ya ɗaga shi a gaban fitila ya daɗe yana kallo, ya ce shi dai ya san abin da ya haɗa da hannunsa, wannan kuma kamar an daka a turmi. Ya tambayi Mai Tifa ko ya sauko ya taka ne. Muryar Mai Tifa ta dawo, amma ba abin da yake faɗa sai, "Kar gari ya waye. Don Allah kar gari ya waye."

Gari ya waye. Tun da sassafe Goggo ta sa aka fara ba shi duk abin da jikinsa zai iya ɗauka, ƙwaya da allurar jijiya. Da hantsi ƙafar ta farka. An ce har masu shaguna a bakin titi sai da suka fito suna tambayar wa ake yankawa.

Goggo na zaune a ofis, jikinta ya dawo sai yatsu biyu na hannun dama. Matar Mai Tifa ta shigo ta durƙusa.

"Likita, ya gaya min komai. Na san abin da ya yi, wallahi ko kallonsa ba na son yi. Amma uban 'ya'yana ne. Ki taimaka."

Goggo ta daɗe tana kallon hannunta. Sannan ta miƙe ta ce wa Sista ta kawo na'ura. Sista ta ce, "Likita, bayan abin jiya?" Ta ce, "Kina jin ihun nan kuwa?"

Suka danne shi. Ta ga jijiyar, ta ɗora bakin allura a fata. Kafin ta tura, hannun ya zube daga kafaɗa kamar tsumma. Sirinjin ya faɗi ya gangara ƙarƙashin gado. Ta sunkuya za ta ɗauka da hagu, sai ta ji hannun hagun ma ya fara sanyi daga farce. Sista ce ta rungume ta ta fitar da ita da ƙarfi.

Wani abokin aikinta da ya ce duk camfi ne ya karɓa ya yi allurar. Ya shiga daidai, magani ya kewaye jijiya yadda ake so. Ƙafar ba ta yi barci ba. Shi kuwa likitan sai da ya yi makonni ana ba shi abinci a baki. Daga nan babu wanda ya sake gwadawa.

Mai Tifa ya kira 'yan sanda da kansa ya faɗi abin da ya yi, yana roƙon a ɗaure shi ko zai samu sauƙi. Suka je suka haƙa kwalbatin ciki da waje. Babu gawa, babu wanda ya kawo cigiyar yarinya, suka ce zafin ciwo ne ya taɓa masa kai. Ƙafar ta ƙi haɗuwa, ta fara baƙi. A ƙarshe aka yanke ta daga ƙasan gwiwa, shi da kansa yana cewa a yi sauri.

Hannun Goggo ya dawo, amma yatsun nan biyu har yau ba sa jin zafi ba sa jin sanyi. Ta bar riƙe allura, ta koma koyar da ɗalibai. In muka fara hirar aljanu yanzu tashi take yi ta bar mana ɗakin.

Bayan wasu watanni matar Mai Tifa ta zo har gida ta roƙe ta ta je ta gan shi, don kullum sunanta yake kira. Goggo ta je da rana tsaka. Ta same shi a ɗakin zaure, a kan katifa a ƙasa, ƙaton nan ya zama kamar sanda. Dungulmin ya warke sumul, babu kumburi babu ruwa. Yana ganinta ya jawo jiki ya kama gefen zaninta.

"Likita, kin zo da allurar? Nan ne. Babban yatsan. Yanzu ta gama da shi, ta koma na kusa."

Ya nuna mata gurin. Ƙasa da dungulmin, inda babu komai sai zanin gado.

Goggo ta durƙusa. Ta san akwai ciwon da ke zama a gaɓar da aka yanke, ta karanta, ta yi wa mutane maganinsa. Ta buɗe baki za ta yi masa bayani, sai idonta ya sauka a kan katifar.

Dab da inda yake nunawa, katifar ta lotsa, ɗan lotsawa kaɗan, daidai zaman ƙaramin yaro. Tana kallo lotsawar ta gyara zama.

"Soka min, Likita. Ko sau ɗaya."

Goggo ta zare zaninta daga hannunsa a hankali, ta miƙe.

"Malam, ina zan soka?"